Jakar Hagu

A gidanmu Rediyo ake ce mini, kuma ban taɓa jin haushi ba, domin ni ma na san bakina ba ya riƙe magana. Idan aka gaya mini abu da safe, kafin rana ta take har mai sayar da gawayi na bakin layi ya ji. Shi ya sa har yau nake mamakin yadda a cikin 'ya'yan Umma duka, ni ce asirin jakar hagu ya faɗo wa a ka.

Baba mai gyaran famfo ne. Yana da wani tsohon babur ja da ya girmi ƙanena Auta, da jakunkuna biyu na fata rataye a gefen kariya, ɗaya dama ɗaya hagu. A ta dama yake zuba kayan nauyi: sifana, filaya, guduma, da zarton yanka bututu. Ta hagu kuwa ba ta ɗaukar komai sai tsumma, da farin tef ɗin da ake naɗa wa bakin famfo, da 'yan robobin da ko kaza ba za ta ji nauyinsu ba. Amma ta dama tana nan tsaye ƙyam, ta hagun ce ta saki jiki. Murfinta ya lotsa, cikinta ya zazzago, kullum sai ƙara kusantar ƙasa take yi.

Abin ya hana Baba sakat. Mutum ne da ba ya iya wuce famfo yana ɗiga, ko da a gidan da ba a kira shi ba. Kullum da safe sai ya zagaya babur ɗin, ya riƙe ƙugu, ya tsaya a kan jakar yana girgiza kai.

"Ke mai shago, zo ki ga ikon Allah," in ji shi. Haka yake kiran Umma. "Wadda ke ɗaukar guduma ba ta gaji ba, sai mai ɗaukar tsumma?"

Umma takan ce, "Malam, tsufa ne. Kai ma ai gefe ɗaya ka fara sunkuyawa. Tashi mu tafi, kasuwa ba ta jiran mai famfo."

Umma tana da shago a kasuwa, ɗan ƙarami, in ta miƙa hannuwa biyu sai ta taɓa bango da bango. Zare take sayarwa, da maɓalli, da zif, da allurar keke. Tun muna yara Baba ne ke kai ta da safe, ya biya ya ɗauko ta da yamma. Takan zauna a karkace a bayansa, ƙafafunta duka a gefen hagu, zaninta ya sauko ya rufe har takalmi.

Wata safiya na makara zuwa kantin maganin da nake aiki. Bas ɗin da na shiga ya maƙale a cunkoso, na leƙa ta taga, sai ga jan babur a gabanmu. Abin da na fara gani shi ne Umma tana dariya. Ba irin murmushin da take yi a gida ba, dariya sosai, har tana dukan bayan Baba da tafin hannu, shi kuma yana juyo da kai yana ƙara mata wani abin. Na saki baki ina kallo, don ban san iyayena suna da irin wannan hirar ba. Can wata babbar mota ta wuce, iska ta ɗage gefen zaninta. Ƙafarta ta dama tana kan mataki yadda ya kamata. Ta hagun kuwa a miƙe take, ta kwantar da ita a kan jakar Baba, dunduniyarta ta nutse a tsakiyar murfin.

Da rana ta yi ban ko ci abinci ba, na zarce shagonta. Tana auna wa wata mata zif, na jira matar ta fita.

"Umma, ashe ke ce aljanar jakar hagu?"

Ta ajiye almakashi a hankali, ta leƙa waje, ta jawo ni ciki har na kusa zubar da kwalin maɓalli.

"Rufe mini baki! Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa. Yanzu na gani."

"To Allah ya rufa asiri." Ta zauna a kan kujerarta, ta ɗage zani ta nuna mini gwiwa. Ta kumbura, ta yi sumul tana sheƙi. Ta ce ta daɗe tana damun ta, in ta lanƙwasa ta a kan mataki ji take kamar ana soka mata ƙusa, amma in ta miƙe ta a kan jakar sai ta isa kasuwa lafiya.

Na ce, "Ai sai ki gaya wa Baba, a je asibiti."

Ta kalle ni kamar yau ta fara ganina. "Ubanki? Kin manta wane ne ubanki?"

Ban manta ba. Kulawar Baba irin wadda ke shaƙe mutum ce. Akwai shekarar da Umma ta yi tari sau biyu a gabansa, ya hana ta ruwan sanyi har damina ta zagayo. Auta ya taɓa gurɗewa a wurin ƙwallo, Baba ya fasa ƙwallon da wuƙa, ya yanka robar ya yi facin bututu da ita.

Umma ta ce, "Ranar da ya ji, ranar zai sa wa shagon nan kwaɗo. Zai shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, ya ce in zauna in huta, in yi ta kallon jikoki suna zubar da ruwa. Ni kuma ba shagon kaɗai nake ji ba." Ta shiga naɗe zare a yatsa. "A gidan nan ina muke samun magana? Yayanki da matarsa, yara, Auta da abokansa, ga ki ke da kunnuwanki. A kan babur ɗin nan ne kawai ubanku yake zama nawa. Kada ki raba ni da shi, kin ji ko?"

Tausayinta ya kama ni. Na yi mata alkawari. Tun daga ranar nake kawo mata man shafawa daga kanti a ɓoye cikin jakata.

Baba kuwa ya ɗaura ɗamarar yaƙi. Da farko ya kai jakar wurin mai gyaran takalma, aka sake mata ɗinki, aka ƙara madauri. Ba a jima ba ta koma yadda take, Baba ya je ya gaya wa bawan Allah cewa zarensa na ɗinkin hula ne. Daga nan ya yanka tsohuwar jarka ya cusa a ciki don ta tsaya. Ta tsaya kuwa, har ya kira mu mu gani. Kwana kaɗan suna tsakiyar titi sai ji ya yi ƙwas, jarka ta tsage. Umma ta ce ita ma ta ji ƙarar, ta ɗauka taya ce. Ya sa katako, katako ya karye. Ya ɗaure ta da waya ta sama, wayar ta yanka fatar.

Da dabara ta ƙare sai ya koma neman mai laifi. Ya ce rana ce ke dukan gefen hagu a inda yake ajiye babur, ya juya shi yana kallon bango. Da hakan bai yi ba, ya ce kyanwar maƙwabta ce ke kwana a kai. Ya yi sati yana fakon kyanwar mutane da bokitin ruwa, ita kuwa tana kan katanga tana lasar hannu, ko a jikinta.

Duk wannan a gabana ake yi. In ya fara lissafa masu laifi a wurin cin abinci, sai in ji maganar ta taso mini har maƙogwaro. In cusa loma, in ƙara wata, in tashi in ce na bar ruwa a wuta. Matar Yaya har ta tambaye ni ko haƙori ke damuna. Umma kuwa ko gezau, har tayawa take yi: "Ni ma kyanwar nan ban yarda da ita ba, Malam."

Kawu ne ya ɓata komai. Ƙanen Umma ne, mai walda, kuma shi da Baba ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya zo gaisuwa wata ranar hutu ya tarar da Baba tsugune gaban jaka.

"Yaya, har yanzu wannan mataccen buhun kake jinya? Kawo babur ɗin gareji gobe, in nuna maka bambancin mai walda da mai toshe ɗigo."

Umma ta yi wuf ta ce, "Kai, bar masa kayansa, ya saba da su."

"A'a, bar shi ya gwada," in ji Baba. "In ya kasa, in samu abin yi masa gori har tsufansa."

Kawu bai kasa ba, abin haushin ke nan. Ya ƙera firam na ƙarfe ya ɗaure a kariya da noti, ya ɗora akwatuna biyu na kwano mai kauri, ya fesa musu jan fenti daidai da na babur, kowanne da ɗan kwaɗonsa. Da Baba ya shigo da shi gida yara suka yi ta tsalle. Kawu ya haye kan akwatin hagu da ƙafa biyu ya yi rawa a kai.

"Ko buhun siminti ka ɗora, ba abin da zai same shi!"

Baba ya washe baki har kunne. Ya rataye tsofaffin jakunkunan a ƙusa a ɗakin ajiya, ya ce sun yi ritaya. Na saci kallon Umma. Tana murmushi tana cewa Allah ya sa albarka, amma hannunta yana kan gwiwa.

Washegari na tsaya a bakin ƙofa ina yi kamar ina neman ɗan kunnena. Akwatin ya fi jakar tsawo, ga gefensa da kaifi. Umma ta hau, ta gwada ɗaga ƙafar a ƙarƙashin zani, ta kasa kai ta. Sai ta cije leɓe ta lanƙwasa ta a kan mataki. Kafin Baba ya tada inji gumi ya tsattsafo mata a goshi. Da yamma da suka dawo sai da ta dafa bango ta shiga ɗaki, na bi ta da man shafawa, muka tura ƙofa.

Ta daure na 'yan kwanaki. Sannan wata safiya ta ce, "Malam, yau ka yi gaba, bas zan hau."

Baba ya tsaya da hular kwano a hannu. "Bas? Me ya faru?"

"Iskar safe ce take sa ni mura."

Wannan kuskure ne, ni ma na san kuskure ne. Da yamma Baba ya dawo da rigar sanyi mai kauri irin ta masu gadi, da gyale na ulu, da kwalbar man zafi. Umma ta karɓa ta yi godiya, gari ya waye ta ce maƙwabciyarmu ce ke son rakiya, ba ta san hanyar kasuwa sosai ba. Matar da aka haifa a bayan kasuwar! Baba ya daɗe yana kallon ta.

"Babur ɗin ne ya tsufa, ko direban?"

"Haba Malam."

"A'a, ba komai. Bas ma abin hawa ne."

Ya tafi shi kaɗai, akwatunansa suna ƙyalli. Daga ranar gidan ya canza. Baba ya daina zagaya babur da safe, ya daina goge fenti, ko kyanwar ya daina kulawa. Yakan dawo da wuri, tunda ba wanda zai biya ya ɗauka, ya zauna a kan benci yana juya sifana a hannu. Umma kuma bas bai raga mata ba. Matakinsa da tsawo, sau da yawa a tsaye take zuwa, ga tafiya daga tasha zuwa shago. Wata yamma ina shafa mata magani ta ce, "Ina ga dai matar yayanki zan bar wa shagon nan." Ta faɗa a hankali, tana kallon rufi. Na ji kamar in fita tsakar gida in kwarma ihu kowa ya ji. Abin da take ɓoye ciwonta don kada ta rasa, ga shi tana rasa shi duka, kuma bakina a ɗaure.

Ranar hutu da la'asar Umma ta tafi duba wata ƙawarta, ni ina wanke kwanuka. Baba ya fito da tsohuwar jakar hagu daga ɗakin ajiya, da wuƙa. Yakan yanka tsohuwar fata ƙanana-ƙanana ya sa a cikin famfo don ta tsai da ɗigo, kuma ya ce fatar jakar za ta yi. Ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya ɗora wuƙa a kan murfin, sai ya tsaya.

Baba yana da wata ɗabi'a ta aiki. In ya kwance famfo ya ga wuri ya cinye, ba ya sa sabo sai ya gano abin da ke gogar wurin. Na ga ya ajiye wuƙar, ya sa babban yatsa a cikin lotsawar yana shafawa. Rami ne ɗan zagaye, ya yi santsi, ya fi sauran fatar duhu. Ya ɗaga jakar ya kalle ta a haske. Ya kalli katanga inda kyanwa take zama, ya girgiza kai. Sannan idonsa ya sauka a kan takalman da ke ƙofar ɗakin Umma.

Ya tashi ya ɗauko na hagu, ya dawo ya tsuguna, ya ɗora dunduniyar takalmin a cikin ramin. Ta zauna daram.

Kwanon da ke hannuna ya suɓuce ya faɗi.

"Rediyo."

"Na'am, Baba."

"Zo nan. Tun yaushe?"

"Wallahi Baba ni ban ce komai ba!"

"Na sani. Ai da ina da hankali, da tun ranar da kika yi shiru a gidan nan na gane akwai magana."

Shi ke nan, famfo ya ɓalle. Na gaya masa komai, ina kuka ina jan hanci: gwiwar, da man shafawa, da bas, da tabarmar tsakar gida, da kwaɗon da take tsoro. Har abin da ta ce game da babur na faɗa masa, ban rage ko kalma ba. Bai katse ni ba. Yana tsugune da takalmin matarsa a hannu, yana kallon ƙasa.

"Ta ce zan rufe shagon?"

"Ai rufewa za ka yi, Baba."

Ya buɗe baki zai musa, ya fasa. Can ya ce, "Da na rufe." Ya mai da takalmin inda ya ɗauko shi, ya daidaita shi da ɗan'uwansa. "Kada ki gaya mata na sani."

"Baba, ku ji tausayina! Ciki ɗaya gare ni, asiri biyu zan zuba a ciki?"

"Zuwa gobe da safe kawai. In kin fashe, ni zan yi miki faci."

Da sassafe ƙarar sifana ce ta tashe ni. Na fito na tarar ya kwance akwatin hagu da firam ɗinsa, ya jingine su a bango. Tsohuwar jakar ta koma wurinta. Ya yanko soso daga wata tsohuwar katifa ya cika ta da shi, ya sassauta madaurin ta ɗan ƙara sauka. Gefe ɗaya jan akwati mai ƙyalli, gefe ɗaya tsohuwar fata mai lotsattsen murfi. Ban taɓa ganin babur mai muni irin wannan ba.

Umma ta fito da jakar hannunta za ta tasha. Ta gani, ta tsaya cak. Ta juyo ta zuba mini ido, na ɗaga hannuwa biyu sama.

Baba bai kalle ta ba, yana ta goge madubi. "Akwatin ƙanenki ƙara yake yi, ya hana ni jin hon. Ki gaya masa aikinsa na banza ne. Hau, mai shago, rana tana yi."

"Malam..."

"Asibiti za mu fara biyawa."

Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta ƙanƙame jakar hannunta, ta tambaya da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba, "Daga nan fa?"

"Daga nan shago mana. Ko akwai wani wurin?" Ya hau ya taka kik, injin ya tashi. "In na ajiye ki a gida, da wa zan riƙa faɗa a hanya? Kwanakin nan ni kaɗai nake surutu a kan titi, har masu mota sun fara kallona."

Umma ta sa gefen gyale ta goge ido, ta ce hayaƙin salansa ne. Ta dafa kafaɗarsa ta hau. Baba ya ƙura wa madubin dama ido kamar akwai abin kallo a ciki, har ta gama gyara zama. Ta ɗaga ƙafar hagu ta kwantar a kan jakar, dunduniya ta faɗa raminta, soson ya karɓe ta. Ta kai hannu za ta ja zani ta rufe, sai ta fasa.

"Malam, kyanwar nan fa tana bin ka ban haƙuri."

"Ta zo ta same ni a gareji wurin ƙanenki, in haɗa su in ba su haƙurin tare."

Kawu ya yi fushi na wata guda, yana cewa an wulaƙanta sana'a. Akwatin da aka cire yanzu albasa muke zubawa a ciki. Likita ya ba Umma magani da motsa jiki, Baba kuma ya ƙara da nasa dokokin, waɗanda take bin rabi ta watsar da rabi.

Amma a safiyar nan, ina tsaye a ƙofar gida da kumfar sabulu a hannu, na bi su da kallo suna tafiya a hankali, babur ya ɗan karkata hagu. Kafin su sha kwana na ga Baba ya juyo ya faɗi wani abu, Umma ta kai masa duka a baya tana dariya. Ban ji abin da ya ce ba, kuma da suka dawo da yamma ban tambaya ba.